Shekarar da Gwadabe Ya Jira Shamuwa

Gwadabe taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da ikon faɗa, kuma na sha gaya masa wanda ya fi wannan ɗaci a gaban idonsa. Tun muna yawo ba wando muke tsiya da juna. Shi ya ce ni baiwarsa ce, ni in ce Allah ya kiyashe ni da ubangidan da faso ya cinye wa dugadugai. Yanzu daga ni har shi babu mai iya shan rake.

Duk wanda ya saba bi ta bayan Ƙofar Guga ya san shi ko da bai san sunansa ba. Dogo ne, siriri, wuya kamar na zalɓe, hular kansa ta koɗe har an manta launin da aka saye ta da shi. In ya tare ka da gaisuwa, to ka nemi inuwa. Sai ya tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi surukarka, ya gangaro kan akuyarka da ta yi ɓari bara. Sana'arsa ɗaya tun tasowarsa, noma, kuma gona ɗaya ya taɓa nomawa, wadda ubansu, kawuna Malam Babaji, ya mutu ya bar musu shi da wansa Sa'idu.

Da muna yara, in aka ɗora mana ƙwaryar fura mu kai wa maza gonar nan, da mun fita ganuwa mun shiga daji ke nan. Kafin mu isa mun ƙoshi da kanya da magarya da ɗinya, bakinmu ya yi baƙi, a gane laifinmu tun daga nesa. Fakara ta tashi daga ƙarƙashin ƙafarka ta kusa sa ka zubar da furar. Ga zomo, ga bushiya, ga damo, har gauraka muna gani a fadamar da ke gabas da gonar, inda wani kududdufi ke riƙe ruwa har bayan kaka. Da damina in kwaɗin wurin suka buɗe baki, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Mu mata ba mu san sayen ganye ba. Tafasa, lalo, yaɗiya, gasaya, duk a bakin gona suke fitowa, ba wanda ya shuka su. Da su na riƙe 'ya'yana bayan rasuwar ubansu, in tsinko, in shanya, in kasa a ƙofar gida.

A tsakiyar gonar akwai wata tsamiya da ƙarti uku ba sa rungume ta. Ita ce gidan shamuwa. Na san yaran yanzu sai an yi musu bayani. Shamuwa tsuntsuwa ce baƙa mai farin ƙirji da dogayen ƙafafu, ba a ganinta sai damina ta kawo kai. Ba a cin ta, ba a jifar ta, ko yaron da ya gagari uwarsa bai isa ya auna ta da danƙo ba. In ta sauka a iccen gidanka har barka ake zuwa yi maka. A tsamiyar kawu kuwa ba sa ƙirguwa. Kashinsu ya mai da rassan fari fat, mu masu zaman inuwa mu tashi da shi a ɗankwali.

Kawu Babaji yana da wata al'ada wadda shi ma tarar da ita ya yi. Kowace bazara, in zafi ya kai intaha, sai a nemo tsofaffin kwanduna waɗanda gindinsu ya fara cinyewa, a hau a ɗaɗɗaure su tsakanin rassan tsamiyar. Sannan a zauna. Ko ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, ba a sauko da iri daga inda yake rataye a madafa sai ran da aka ga shamuwa ta fara ɗauko ƙirare tana jerawa cikin kwando. Ran nan ake fid da sungumi. Hujjarsa ita ce ruwan farko maƙaryaci ne, yakan jiƙa ƙasa ya ruɗi mutum ya zuba irinsa, sannan ya ɗauke, rana ta ƙone tsiron. Ita kuwa shamuwa ba ta gina sheƙa sai ta tabbatar akwai abin da za ta ciyar da 'ya'yanta, fara da kwaɗi da tsutsa, su kuma waɗannan ba sa yawaita sai ruwa ya zauna. Ban ce wahayi ake yi mata ba. Amma na ga shekarun da maƙwabta suka yi shuka sau uku, gidan kawu sau ɗaya.

Sa'idu bai daɗe da hauya a hannu ba, ya kama kasuwa. Gwadabe ne ya riƙe gonar da tsamiyar da kwandunan, ya kuma gaji geron gidansu, wani mai doguwar zangarniya da furarsa ke yin ƙamshi tun a turmi. Ya auri Furera, mace mai haƙurin da ni ba a ba ni ba, suka haifi 'ya'ya mata huɗu. Bai taɓa zuwa ci-rani ba. Kano ma sau ɗaya ya je, ya dawo yana cewa bai ga abin da ake yi wa sauri ba.

Ban san ranar da gari ya haura ganuwa ba, don ba a rana ɗaya ya yi ba. Wannan ya yanki gona ya gina, wancan ya kewaye tasa da bulo ya tafi Abuja. Ɗorawa da kanya da gawo suka bi motocin masu gawayi da gidajen burodi. Kududdufin nan aka fara mai da shi juji, da ya cika da leda aka zuba masa jar ƙasa aka ɗora shaguna. Icce ɗaya ya ragu yana yaɗuwa, bedi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya. Inuwarsa da sanyi, ban hana ba, amma a tura yaro ya ƙoshi da 'ya'yansa mu gani. 'Yan gonakin da suka saura kuma masu su suka daina duƙawa. Mutum ya goyo tulun roba a baya, ya bi kunya yana feshi, maganin bai san tafasa ba bai san ciyawa ba, bai san farar da ke ɓarna ba balle ƙudan zuma. Har ta kai ni da ke sayar da ganye ina sayen busasshe a hannun matan ƙauye. Ba na ce mutanen nan mugaye ba ne. Kowa na son inda zai sa haƙarƙarinsa. Ɗana ma a kan gonar wani ya gina, kuma tuwon da na ci jiya da gawayi aka dafa shi.

Gonar Gwadabe ta zama kamar tabarma a tsakiyar ɗaki, katanga gabas, katanga arewa, injin markaɗe yana kuka a kudu. Dillalai suka yi ta sintiri. Shi kuwa ya gaishe su har su gaji su tafi.

Da Sa'idu ya rasu, rabin gonar ya zama na 'ya'yansa. Babbansu Anas tela ne, yana zaune da matarsa da yara a ciki da falon haya, ƙannensa kuma kowa da tasa buƙatar. In don shari'a ce, ran da suka so ran nan za a raba, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Amma yaron yana da kunya. Aka zauna a zauren mai unguwa, Gwadabe ya roƙi arziki, aka tsaya a kan magana ɗaya: muddin yana noma gonar yana kai wa gidan Sa'idu rabonsu na gero kowace kaka, ba za a taɓa ta ba. Shekarar da kaka ta zo babu abin kaiwa, a kira masu awo. Shi da bakinsa ya ƙara wannan na ƙarshen, ba wanda ya tambaye shi. Da na ji na ce masa wanda ya yi maka asirin magana bai tausaya maka ba.

Shamuwa kuma tana ta raguwa. Daga cika icce ta koma cika reshe, daga nan sai 'yan ƙalilan, kwanduna da yawa su kwana damina babu kowa a ciki. Kuma ta fara makara. Wata shekara aka yi ruwa mai kyau, kowa ya shuka, ba a gan ta ba. 'Yan majalisar ƙofar masallaci suka sa shi gaba, wai ko sai an aika mata da kuɗin mota. Abin ya ci masa rai, ya karya al'adar ubansa karon farko, ya sauko da iri ya zuba. Tsiro ya fito gwanin kyau, sai sama ta bushe, rana ta soye shi ƙurmus. Bayan nan ne tsuntsayen suka sauka, ruwa ya biyo su. Ya sake shuka da ɗan abin da ya rage. Tun daga ranar ya rantse ko duniya za ta taru a kansa ba zai ƙara riga shamuwa ba. Da a ce shukar farkon nan ta yi, da yau wani labarin nake ba ku.

Damina biyu da suka biyo ba su yi albarka ba. Yana cire rabon gidan Sa'idu cif, ya ci saura, har abin da ke rataye a madafa ya dawo na shuka ɗaya tak. A ta biyun, shamuwa biyu kawai suka zo, mace da namiji. Sun yi sheƙa, sun ƙyanƙyashe. Maƙwabcinsa na yamma ya yi wa wakensa feshi, fara ta zube a ƙasa tana shure-shure, su kuwa suka samu banza. Da safe Gwadabe ya tarar da ɗaya a gindin tsamiyar, ƙafafu a miƙe. Ɗayar ta tsaya a kan reshe 'yan kwanaki ba ta sauka ba, sannan aka neme ta aka rasa. 'Ya'yan suka yi ta kuka a kwando har suka yi shiru. Ya haƙa rami ya rufe uwar, ko uban ne, wa ya sani. Furera ta ce ran nan bai taɓa tuwo ba.

Na gaya masa a lokacin cewa sun ƙare. Ya ce shamuwa ba ta manta gida, waɗanda aka ƙyanƙyashe a iccen nan shekarun baya suna nan wani wuri, za su dawo.

Bazara ta zagayo, ya zo gidana neman tsohon kwando. Na ba shi guda, na ce in ya faɗo daga tsamiyar nan kada a aiko mini, don ban da zanen zaman makoki mai kyau. Ya ce baiwa ba a aika mata, da kanta take zuwa wanke-wanke. Ya je ya jingina tsani, tsoho da shi, ya hau ya ɗaure.

Aka yi ruwan farko, bai motsa ba. Aka yi na biyu, mai ƙarfi, har katangar wasu ta faɗi a unguwarmu. Duk mai ɗan fili ya fita da iyalinsa. Aka yi na uku. Ƙasa ta sha ta ƙoshi, ko makaho ya taka ya san damina ta zauna. Shi kuwa kullum da sassafe sai ya tafi gona, ya share, ya gyara shinge, ya zauna a gindin tsamiya yana kallon sama ta wajen kudu har rana ta take.

Anas ya zo ya same ni, ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce Gwaggo, don Allah ki yi wa Baffa magana, ke kaɗai yake ji. Ya ce shi ba ya son a raba gonar nan a kan idon tsohon, amma ƙannensa sun zuba ido, in kaka ta zo babu komai ba shi da bakin hana su. Har ya sayo iri a kasuwa, mai saurin nuna, ya kai masa, ya kuma yi masa tayin shanun huɗa. Baffan ya yi masa godiya mai tsawo, ya sa masa albarka, ya ce ya mai da.

Na yafa gyale na tafi. Na same shi inda na san zan same shi. Gonakin gefe sun yi kore shar, tasa jajir kamar filin ƙwallo. Muka gaisa, na bar shi ya gama tambayar jikokina kaf, sannan na zauna a kan saiwa.

Na ce, “Gwadabe, wai me za ta zo ta ci a nan? Bulo ko leda?”

Ya ce ruwan bana bai gama nuna halinsa ba.

“Ruwa ya nuna halinsa, kai ne ka ƙi gani. Rabonka da jin kukan kwaɗo tun yaushe? Ka kasa kunne. Wancan injin markaɗe ne, wancan babur ne. Tsuntsuwar nan ta fi ka hankali, ta ga babu ta sauya hanya.”

Ya ɗauki ɗan tsinke yana tona ƙasa. Can ya ce, “Ma'u, irin nan na zubi ɗaya ne. In na zuba ruwa ya ɗauke, me zan sake zubawa?”

Na ce ga na Anas.

“Wannan ba geronmu ba ne.”

“Gidan Sa'idu gero ka yi musu alkawari, ba ka ce mai asali ba. Tukunya ba ta tambayar sunan kakan hatsi.”

Ya ce na manta abin da ya faru wancan karon da ya ji maganar mutane. Na ce ban manta ba, amma wancan karon makara ta yi, wannan karon babu ita. Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun kaɗa, ya ce tun yana goye ake kawo shi ƙarƙashin iccen nan, bai taɓa ganin daminar da babu ita ba, to ta yaya zai gane wannan ce ta farko.

Da abin ya tsaya haka wataƙila da na shawo kansa a zuwa na biyu. Sai ga wani Bafulatani, Yero, wanda ke kawo shanu cin kara a gonar da rani, ya biyo ta wurin. Gwadabe ya tambaye shi ko ya ga shamuwa a yawonsa. Bawan Allah ya faɗi gaskiyarsa, ya ce ya ga 'yan kaɗan a wata fadama can nesa da gari, suna kiwo. Shi ke nan. Gwadabe ya dawo gida da fara'a ya ce wa Furera suna hanya, ta gyara sungumi. Ita kuma ba ta iya musu ba, ta gyara.

Suna hanya har maƙwabta suka gama noman farko. Suna hanya har suka yi maimai, geronsu ya kai ƙugu. Ranar da ya haƙura ba wanda ya gaya wa. Furera ta shiga madafa ta ga igiyar da ake rataye iri tana lilo babu komai. Ta bi shi gona ta tarar yana sara shi kaɗai, yana komowa yana zubawa yana takewa. Ta karɓi ƙwaryar ta bi bayansa. Ta ce har suka gama bai ɗaga kai ya dubi tsamiyar ba.

Geron ya fito, kuma wallahi ban taɓa ganin ya yi kyau irin na shekarar ba. Ganye faffaɗa, kara kamar rake. Masu wucewa har tsayawa suke yi. Na fara cewa a raina ko Allah zai rufa asiri. Amma geron gidan kawu mai nawa ne, yana son damina tun daga kanta har wutsiyarta, shi kuwa a tsakiya aka sa shi. Ya yi ciki, ya fara fid da kai, ya yi bununi, sai ruwa ya yi sallama a daidai lokacin da ya saba yi. Ba fari aka yi ba. Kowa ya cika rumbu a shekarar. Nasa ya tsaya a tsaye ya bushe, ka murza zangarniya a tafin hannu ka hura, babu abin da zai saura. Ko na iri bai fita ba.

Bai jira an zo masa ba. Ran da ya gama tara karan, ya yi wanka ya sa rigarsa ta Juma'a, ya taka har shagon Anas. Wani da ke wurin ya ba ni labari. Anas ya tashi daga kan keke ya ba shi kujera, ya ƙi zama. Ya ce, “Bana ba ni da abin kawo muku. Ku kira masu awo.” Anas ya ce Baffa a bari a ga baɗi, shi zai san yadda zai yi da ƙannensa. Gwadabe ya ce a gaban mutane ya yi magana, kuma marayu sun yi masa haƙurin da ko 'ya'yan cikinsa sai haka. Ya juya ya fita. Anas ya bi shi har bakin titi yana kira, bai waiwayo ba.

Ni na zaci rabi za a yanka masa ya ci gaba da abinsa a ciki. Ashe ba haka ake yi ba. Masu awo suka zo da igiyarsu da turakun ƙarfe, suka fara fid da hanyoyi, ɗaya ta ratsa ta tsaye ɗaya ta gicciye, sannan suka yayyanka sauran ƙanana-ƙanana. Rabonsa ya fito a warwatse, wannan a nan wancan a can, babu wanda shanun huɗa za su juya da garma a ciki. Ya raba wa 'ya'yansa mata, ya ce su da mazansu su san abin da za su yi. Tsamiyar kuwa ta faɗo a tsakiyar hanya. Ba ta kowa ba ce, don haka ba wanda za a roƙa. Masu injin yankan icce suka yini a kanta. Ina cikin gida a nan cikin gari, amma Furera ta ce har ƙasa sai da ta girgiza. Shi ran nan tun asuba ya tafi gaisuwar mutuwa Ƙofar Durɓi, gidan mutanen da bai sani ba sosai, bai dawo ba sai magariba.

Wani Alhaji da ya sayi filaye uku a jere ya kafa wurin buga bulo. Ya ga tsoho yana zuwa kullum yana tsayawa a bakin wurin, ya tambaya aka gaya masa ko wane ne. Mutumin kirki ne, ya ɗauke shi aikin ba bulo ruwa. Abin da Gwadabe ke yi ke nan yanzu. Da safe ya ja tiyo ya bi layi-layi yana jiƙa su don kada su tsage, da la'asar ya sake. Alhajin ya ce bai taɓa samun wanda ke yi da kyau kamarsa ba, ba ya tsallake ko ɗaya.

Ana nan hatsin gidansu ya ƙare ƙaf. Furera ta aiko mini a asirce, ta ce yau kwana biyu tana ce masa babu na fura, sai ya ce to, ya fita, ya dawo hannu sake. Ba rashin abin saye ba ne, Alhaji na biyansa. Mutumin da ya haura saba'in bai taɓa sayen gero ba, bai san ta inda ake farawa ba, kuma kunya ta hana shi tambaya.

Na je na tsaya a ƙofar gida na ce ya fito ya raka ni kasuwa, ƙafata na ciwo, ina son mai riƙe mini buhu. Ya fito. Muka shiga layin 'yan hatsi, yana bina a baya kamar baƙo, yana gaishe da kowa har da waɗanda ba su kalle shi ba. Na tsaya wurin wani da na saba da shi. Gwadabe ya sa hannu cikin buhun farko, ya ɗebo, ya shinshina, ya zuba. Ya matsa na biyu, ya tauna ƙwaya ɗaya da 'yan haƙoran da suka rage masa. Ya bi buhunan nan kaf, mai hatsin yana binsa da ido, tiya a hannu. Na san abin da yake nema, na kuma san ba ya nan, amma na ƙyale shi.

Da mai hatsin ya gaji ya ce, “Baba, wai na shuka kake nema ko na ci? In na shuka ne akwai wani a ciki.”

Gwadabe ya kakkaɓe hannunsa a jikin riga. Ya ce, “Na ci.”

Na buɗe bakin buhu, aka auna mana. Ya ɗora a kafaɗa muka kamo hanyar gida.